Buhun shinkafa ba ya maido da jari

Duk shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, NIHSA kuma ta lissafa wuraren da ke fuskantar ambaliya. Daga nan sai sanarwa a rediyo: mazauna bakin kogi su koma tudu. Shawara ce mai kyau ga magidanci. To amma mai injin niƙa a Nasarawa, ko mai shagon siminti a Unguwan Romi, yaushe zai kwashe kayansa? Ai ba zai rufe shago damina guda ba.

Nan tsarin ya gaza. Daga tsaunukan Jos Kogin Kaduna ya taso. Ruwan da aka tafka can sama yakan ɗauki lokaci kafin ya iso gari, shi ya sa kogin kan tumbatsa ko ba a yi ruwa a Barnawa ba. A Agusta da Satumba ƙasa ta riga ta ƙoshi, duk abin da ya zuba kogi yake nufa. Da ana auna tsayin ruwa a sama, a turo saƙon waya ga shugabannin kasuwa, 'yan sa'o'i ma sun isa a ɗauke janareta da buhuna. Hasashen farkon shekara ba ya yin wannan aikin.

Wasu kan ce ambaliya irin ta Agustan 2003 sai an daɗe ake ganinta. Mu yi lissafi. Ambaliyar da masana ke kira "ta shekara ɗari" tana nufin yiwuwar kashi 1 cikin 100 kowace shekara. A shekara 30 na zaman shago, yiwuwar ta kai kusan kashi 26.

In ruwa ya janye kuma, agajin da aka saba shi ne shinkafa, katifu da barguna. Jari fa? Littafin bashi ya jiƙe, kaya sun lalace, dillali na jiran kuɗinsa. Adashe ma ba ya ceto, domin 'yan adashen duk layi ɗaya suke, rana ɗaya ruwa ya ci su. Amfanin inshora ke nan: tana raba asara tsakanin mutanen da ba masifa ɗaya ta same su ba. Tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, amma ƙaramin ɗan kasuwa bai cika jin labarinsa ba.

Kafin hukuma ta gyara, ƙungiyoyin kasuwa su nemi takaful a ƙungiyance. Kai kuma ka ɗaga kantar kaya sama, ka ɗauki hoton littafin bashi a waya tun kafin Agusta.