Murya da Mulki: Tarken Shirin "Mann Ki Baat" na Firayim Ministan Indiya

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin harshe sun daɗe da sanin cewa magana ta baka tana ɗauke da wasu abubuwa da rubutu ba ya iya ɗauka. Akwai hawa da saukar murya, da saurin furuci ko jinkirinsa, da ɗan shirun da mai magana kan yi kafin ya faɗi abu mai nauyi. Shugabanni sun gane amfanin waɗannan tun farkon zuwan rediyo. A ranar 12 ga Maris, 1933, Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya yi wa jama'arsa bayanin rikicin bankuna ta rediyo cikin sassauƙan harshe, kamar mai hira a cikin ɗaki, ya kuma ci gaba da irin wannan hira har sau kusan 30 zuwa 1944. A yau fodkas, wato shirin murya da ake ajiyewa a intanet mai sauraro ya ɗauko lokacin da ya ga dama, ya sake farfaɗo da wannan dabara.

Wannan takarda za ta yi tarken shiri guda ne, wato "Mann Ki Baat" na Firayim Ministan Indiya Narendra Modi. Za a dubi zubinsa da salonsa, sannan a auna shi a matsayin hanyar da shugaba ke bi don isa ga talakawansa. Ra'ayin takardar shi ne shirin ya yi nasara wajen kusanto da shugaba ga jama'a, amma bai ba jama'a damar kusantar shugaba da tambaya ba.

2.0 Tarihin Shirin a Taƙaice

Ma'anar sunan shirin a harshen Hindi ita ce maganar da ke cikin zuciya. An fara watsa shi a gidan rediyon gwamnatin Indiya ranar 3 ga Oktoba, 2014, 'yan watanni bayan Modi ya hau mulki. Bisa al'ada akan sa shi ranar Lahadin ƙarshen wata da ƙarfe 11 na safe, na tsawon kimanin rabin awa, daga nan a ajiye shi a intanet don masu son saurare daga baya. Ta haka ya haɗa siffar rediyo da ta fodkas. A watan Janairun 2015 Shugaba Barack Obama na Amurka ya shiga shirin a matsayin baƙo. An watsa kashi na 100 ranar 30 ga Afrilu, 2023, kuma a watan Maris na 2025 aka kai kashi na 120. An dakatar da shi na 'yan watanni lokacin babban zaɓen 2019 da na 2024.

3.0 Zubi da Salo

Zubin shirin bai cika canzawa ba. Mai magana yakan buɗe da kiran masu sauraro 'yan ƙasarsa abin ƙaunarsa, ya ambaci yanayin damina ko wani biki da ke tafe, sannan ya jero batutuwa biyar ko shida, kowanne rataye da labarin wani mutum. Sau da yawa labarin yakan fito ne daga wasiƙa ko saƙon waya da wani ya aiko.

Wannan rataya manufa a wuyan labari ita ce babbar dabarar shirin. A kashi na farko, da yake son farfaɗo da sana'ar saƙar gargajiya, sai ya roƙi kowa ya sayi ko da ƙyalle ɗaya na yadin hannu da ake kira khadi, domin fitila ta kama a gidan masaƙi matalauci. A watan Yunin 2015, da ya zo kan matsalar fifita 'ya'ya maza a kan mata, sai ya ba da labarin wani shugaban ƙauye a jihar Haryana da ya shirya gasar iyaye su ɗauki hoto da 'ya'yansu mata, ya nemi sauran jama'a su yi koyi. A misalan biyu an kauce wa harshen ofis da jerin alƙaluma. An ba mai sauraro mutum guda da zai iya hangowa, da ɗan aiki guda da zai iya yi a ranar.

Ta fuskar sarrafa harshe, ana iya lura da abubuwa uku. Na farko, muryar da yake amfani da ita a nan ta sha bamban da ta dandalin siyasa, domin a hankali yake magana, kamar dattijo a tsakar gida. Na biyu, yakan yawaita wakilin suna na jam'i, wato "mu", ta yadda nasarar gwamnati za ta zama ta kowa, nauyin gyara ma ya zama na kowa. Na uku, ba ya ambaton jam'iyyun hamayya. Wannan yana sa mai sauraro ya ji kamar ba siyasa ake yi ba, alhali zaɓen abin da za a yaba da abin da za a tsallake shi ma siyasa ce.

4.0 Abin da Shirin Ya Iya

Adalci ne a faɗi inda dabarar ta yi amfani. A ranar 24 ga Maris, 2020, aka sanar da kullen kwana 21 a duk faɗin Indiya saboda annobar korona, da wa'adin awa huɗu kacal. Ɗimbin 'yan ci-rani suka rasa aiki da abin hawa, suka kama hanyar garuruwansu a ƙasa. A shirin ranar 29 ga Maris, Modi ya nemi gafarar jama'a, musamman matalauta, kan wahalar da matakin ya jawo. Da a takardar sanarwa aka rubuta wannan neman gafara, da wuya ya ratsa mutane. A cikin murya kuwa ana iya jin nauyinsa. Nan ne fifikon magana a kan rubutu ya fito fili, kuma duk shugaban da ke tunanin buɗe fodkas, na ƙasa ne ko na kamfani ko na jami'a, yana da darasin ɗauka.

5.0 Raunin Shirin

Rauni na farko shi ne shirin yana da kamannin hira, amma mutum ɗaya ne ke riƙe da akalarta. Wasiƙun da ake karantawa an tace su, muryoyin da ake sakawa an zaɓe su. Wannan ya fi zama abin dubawa idan aka tuna cewa 'yan jaridar Indiya sun daɗe suna kukan Modi ba ya kiran taron manema labarai inda kowa zai yi tambayar da ya so. Ko da ya shiga fodkas na wasu a 2025, kamar doguwar hirarsa ta kusan awa uku da Lex Fridman, fili ne na natsuwa da ba da tarihin rayuwa fiye da na titsiye.

Rauni na biyu ya samo asali ne daga yanayin labari kansa. Labari yana son gwarzo da kyakkyawan ƙarshe, don haka abin da ba shi da waɗannan sai ya rasa wurin shiga. A ranar 3 ga Mayu, 2023, rikicin ƙabilanci ya ɓarke a jihar Manipur, aka rasa rayuka, dubbai suka bar gidajensu. Da aka watsa shirin watan Yuni ba tare da ambaton rikicin ba, wasu mazauna jihar suka farfasa akwatunan rediyo a bainar jama'a. Abin lura a nan shi ne kusancin da muryar ta gina shi ne ya sa shirun ya yi ciwo. Wanda ya saba wa mutane da shiga ɗakunansu kowane wata a matsayin ɗan gida, dole su sa ran zai yi musu jaje ranar da aka yi rashi.

Rauni na uku shi ya fi shafar masu nazarin harsuna. Da Hindi ake gabatar da shirin, harshen da ƙidayar 2011 ta nuna shi ne harshen uwa na kimanin kashi 44 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Ana fassara shi zuwa harsunan Indiya 22 da wasu harsunan waje, har da Larabci da Swahili. Wannan ƙoƙari abin yabo ne. Sai dai Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Fassara tana kai ma'ana, amma murya da shiru da karin sauti, waɗanda su ne jarin shirin, suna tsayawa ga masu jin Hindi. Sakamakon haka, 'yan ƙasa sun kasu biyu: masu jin shugaba da kansa, da masu jin labarin abin da ya ce.

6.0 Darasi ga Nijeriya

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a nan gida. A watan Janairun 2010, ɗan gajeren sautin muryar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa da gidan rediyon BBC ya watsa daga Saudiyya shi ne shaidar da 'yan ƙasa suka samu cewa yana raye. A watan Yunin 2017 kuma, Shugaba Muhammadu Buhari ya aiko da gaisuwar Sallah daga Landan cikin muryarsa da Hausa. Masu jin Hausa sun ji shi kusa da su, yayin da da yawa daga waɗanda ba sa ji suka yi ƙorafin an ware su. Ingilishi ya fi zama na kowa a hukumance, amma ba ya taɓa zuciyar mafi yawan talakawa. Harshen gida yana taɓa zuciya, amma ba ya game ƙasa. Duk shugaban Nijeriya da zai ɗauki wannan hanya sai ya fuskanci wannan zaɓi.

7.0 Kammalawa

An ga yadda "Mann Ki Baat" ya yi amfani da labari da sassauƙar murya wajen mai da manufofin gwamnati abin da talaka zai fahimta. An kuma ga cewa shirin yana tace masu magana, yana tsallake abin da ba ya shiga labari, kuma ba ya isa ga kowa daidai. Saboda haka takardar tana ba da shawarar a riƙa auna irin waɗannan shirye-shirye da tambayoyi uku: wa aka bari ya yi tambaya, me aka yi shiru a kai, kuma da wane harshe aka ji muryar shugaba. Akwai buƙatar sassan harsunan Nijeriya su fara tattara jawaban murya na shugabanni da Hausa da Yarbanci da Ibo da sauransu, su nazarce su da irin natsuwar da ake nazarin waƙa da zube.