Waɗanda Jerin Zakaru Ya Tsallake: Sharhi Kan Rubutun Tarihin Damben Zamani

Duk wanda ya buɗe littafin tarihin damben zamani, wato boksin, abin da zai fara cin karo da shi shi ne jerin zakarun duniya na ajin masu nauyi. Ana farawa da John L. Sullivan, a gangaro kan James J. Corbett wanda ya kayar da shi a 1892, har a iso ga Jack Johnson da Jack Dempsey da Joe Louis. Jerin gaskiya ne, babu sunan da aka ƙaga. Aibinsa shi ne yana faɗar wanda ya riƙe kambi, ya yi shiru kan wanda aka hana shiga fage ya nema. Marubucin da ya kwafe shi ya kira shi tarihi, ya kwafi zaluncin da ke ƙarƙashinsa ke nan.

Alal misali, a zamanin Sullivan akwai Peter Jackson, baƙar fata haifaffen tsibirin St. Croix, wanda ya zama zakaran Ostareliya a 1886. Sullivan ya fito fili ya ce ba ya dambe da baƙar fata, kuma a kan haka ya tsaya. A 1891 Jackson ya kara da Corbett a San Francisco, suka yi turmi 61 babu kisa, aka raba su. Shekara na zagayowa Corbett ya ɗauki kambi, shi kuwa Jackson tarin fuka ya yi ajalinsa a Ostareliya a 1901 bai taɓa samun damar nema ba.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Sam Langford, haifaffen Nova Scotia ta ƙasar Kanada, wanda ya yi sana'arsa daga birnin Boston. Gajere ne, tsawonsa bai wuce mita 1.7 da ɗan wani abu ba, amma ya dambata tun daga ajin marasa nauyi har zuwa na ƙarti. Yana saurayi ya ci Joe Gans da maki a 1903, alhali Gans na riƙe da kambin marasa nauyi, sai dai ba kambin aka sa a gaba ba. A 1904 ya yi canjaras da Joe Walcott na Barbados. A watan Afrilun 1906 ya haɗu da Jack Johnson, wanda ya fi shi nauyi da fiye da kilo 10, Johnson ya yi nasara da maki bayan turmi 15.

Abin lura a nan shi ne abin da ya biyo baya. Johnson ya karɓe kambin duniya daga Tommy Burns a birnin Sidni ranar 26 ga Disamba, 1908, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe shi. Langford ya cika, ya ƙara nauyi, ya yi ta neman a sake karawa, Johnson ya ƙi. A duk shekarun da ya yi da kambin, baƙar fata ɗaya tak ya ba dama, wato Battling Jim Johnson a Faris a 1913, wanda ko kusa bai kai Langford ba. Littattafai da finafinan da suka ɗaukaka Johnson sun yi daidai da suka bayyana irin ƙiyayyar da ya sha a Amurka. To amma kuɗi ya fi yawa a dambe da Bature, kuma Langford hatsari ne, don haka shi ma ya ja ƙofar da aka daɗe ana rufe masa. Wannan ɓangare ne da masu yabo ba su cika son daɗewa a kansa ba.

Da aka hana su, sai suka koma cin junansu. Langford da Joe Jeannette da Sam McVey da Harry Wills sun yi ta zagaya duniya suna neman wani kambi da aka ware wa baƙaƙe kaɗai. Langford ya kara da kowannensu fiye da sau 10. A Faris, cikin Afrilun 1909, Jeannette da McVey sun yi turmi 49 kafin McVey ya kasa tashi daga kujerarsa. Shi kuwa Wills, an sa hannu a takardar karawarsa da Dempsey a 1925, aka watse ba a yi ba. Tun daga faɗuwar Johnson a Habana a 1915 har zuwa nasarar Joe Louis a 1937, babu baƙar fatar da ya shiga fage neman wannan kambi.

A nan ƙasar Hausa ma mun san irin wannan ta wata fuska. Shago ya tabbata a zukatan mutane saboda ya samu Ɗan Anace, ɗan damben da bai samu makaɗi ba kuwa, sunansa kan bi shi kushewa.

Sai dai akwai gyara ga masu ƙoƙarin farfaɗo da sunayen nan, domin wasunsu sun zarme. Sukan rubuta kamar tabbas ne da an ba Wills dama da ya kayar da Dempsey. Wannan zato ne. Jack Sharkey ya fi ƙarfin Wills a 1926, kodayake a lokacin shekaru sun ja. Langford ma Fred Fulton ya tsayar da shi a 1917, kuma a nan idonsa ya samu mummunan rauni. Abin da hujja ta tabbatar shi ne an hana su gwadawa, kuma wannan kaɗai ya isa tuhuma ba tare da an ɗora musu nasarar da ba su yi ba.

Langford ya ci gaba da dambe yana gani dishi-dishi, har ya ci kambin ƙasar Meksiko a 1923, ya ajiye a 1926. Daga nan aka daina jin ɗuriyarsa, sai a 1944 da wani ɗan jarida mai suna Al Laney ya gano shi a wani ɗaki a unguwar Harlem ta New York, makaho, babu ko sisi. Rubutun da Laney ya yi ne ya sa jama'a suka tara masa abin da ya riƙe shi har rasuwarsa a Janairun 1956.