Me Aku Ya Ɓoye a Zuciya? Tarken Hasashen Masu Karatu a Kan *Magana Jari Ce*

1.0 Gabatarwa

Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano, Hausawa suka ƙara yawa a Agege da Ebute Meta da kewayen kasuwar Oyingbo, kuma duk inda suka sauka da littattafansu suke sauka. Cikin waɗannan littattafai, da wuya a sami wanda ya kai *Magana Jari Ce* daɗewa a bakin jama'a. Alhaji Abubakar Imam (1911–1981) ya rubuta shi a Zariya bayan an ɗauko shi aro daga Makarantar Midil ta Katsina a 1936, aka buga shi kashi uku tsakanin 1937 da 1939.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne irin muhawarar da ake yi a kan littafin a rumfunan 'yan goro da teburan masu shayi, har ma da azuzuwanmu. Masu wannan muhawara sun wuce tambayar me ya faru a labarin, sun koma tambayar me ya sa ya faru. Kowa da hasashensa game da manufar da aku ya ɓoye, da wadda shi Imam ɗin ya ɓoye. Wannan maƙala za ta ɗauki biyu daga cikin hasashen nan ta auna su, domin mu ga wanda matani ya goya wa baya da wanda mai karatu ya zo da shi daga gida.

2.0 Ƙashin Bayan Labarin

Sarki Abdurrahman ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, har Waziri ya sa rai da gadon sarauta. Haihuwar Musa ta rushe wannan buri. Da yaƙi ya tashi tsakaninsa da Sarkin Sinari, Sarki ya fita daga, ya bar Musa a gida. Waziri ya haɗa baki da abokan gaba don a hallaka yaron da zarar ya fita daga fada. Musa kuwa ya matsu ya bi mahaifinsa. Macen aku ta hana shi kai tsaye, ya fusata ya kashe ta. Shi kuwa aku sai ya bi ta wata hanya: kullum dare ya nuna wa Musa ya yarda da tafiyar, sa'an nan ya ja shi da labari har gari ya waye. Da Sarki ya dawo, asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku a matsayinsa. A littafi na biyu aku ya kara da wani aku mai suna Haziƙ a gasar ba da labari, a na uku kuma ya zauna koyar da ɗansa Fasih.

3.0 Hasashe na Farko: Aku Wazirci Yake Nema

Masu wannan ra'ayi suna cewa tun ranar da Balarabe ya kawo shi sayarwa, aku ya riga ya hango kujerar Waziri. Hujjarsu uku ce. Na ɗaya, shi ya yi wa kansa talla, ya nuna yana da masaniyar abin da ke tafe. Na biyu, in har yana da wannan sani, me ya hana shi ya gargaɗi matarsa? Na uku, a ƙarshe shi ne ya fi kowa cin riba, har ya shiga shirya ɗansa don ya gaje shi. A ganinsu ke nan Waziri biyu ne a littafin, ɗaya ya yi gaggawa ya faɗi, ɗaya ya yi haƙuri ya ci.

Wannan karatu yana da armashi, kuma mai shi ya nuna ya lura da ƙananan abubuwa. Sai dai akwai mishkila. Kisan macen aku ya girmi Imam da ɗaruruwan shekaru. Tsarin tsuntsun da ke tsare mutum a gida da labari ya fito ne daga *Shukasaptati* na harshen Sanskirit, wato labarai saba'in na aku, wanda Nakhshabi ya sake zuba shi cikin Farisanci da sunan *Tutinama* a ƙarni na 14. A *Tutinama*, matar wani attajiri ce ke son fita wajen masoyinta bayan mijinta ya yi tafiya. Tsuntsuwar da ta fara yi mata faɗa gatsau ita ma kashe ta aka yi, aku ya ga haka ya sauya dabara. Aikin wannan kisa a zubin labarin shi ne ya nuna farashin gaskiya tsirara, ya kuma ba aku dalilin bin hanyar labari. In aka cire shi, babu dalilin da zai sa a ba da labari ko ɗaya.

Game da ribar da aku ya ci, sai mu tuna cewa a hikaya da tatsuniya sakamako yana bin aiki ne. Samun lada a ƙarshe ba ya tabbatar da cewa don ladan aka yi aikin. Kuma Imam marubuci ne da ba ya rowar zukatan taurarinsa. Ya buɗe mana cikin Waziri sarai, mun ga ƙullinsa tun kafin ya aiwatar. Da yana son mu zargi aku, da ya bar mana ko da ƙofa ɗaya a buɗe a cikin littattafai uku.

4.0 Hasashe na Biyu: Aku Bakin Turawa Ne

Hasashe na biyu ya fi yawa a bakin ɗalibai. Suna cewa aku tsuntsu ne mai maimaita abin da aka koya masa, don haka yana wakiltar ɗan boko da Turawa suka horar. Musa shi ne matashin Arewa mai son ya fita ya yi yaƙi, labaran kuwa su ne abin da aka shagaltar da shi da su har ƙarfinsa ya huce. Suna ƙarawa da cewa Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ne ya tara wa Imam littattafan Larabawa da na Turawa da ya yi aiki da su, kuma don makarantun gwamnati aka yi littafin.

Abin da aka faɗa game da East da makarantu gaskiya ne, kuma manazarta irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun bi diddigin inda Imam ya samo labaransa, daga *Alfu Laila wa Laila* zuwa tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus. Amma daga nan zuwa cewa littafin makirci ne, akwai tazara mai yawa. A cikin labarin, fitar Musa faɗawa tarko ce, kuma mai karatu ya san haka tun farko. Wanda ke son Musa ya fita shi ne maci amanar ƙasa. In muka bi misalin har ƙarshensa, sai Waziri ya zama ɗan kishin ƙasa, abin da ko masu hasashen ba za su yarda da shi ba. Haka kuma akun Imam ba ya maimaita maganar kowa. Shi ke zaɓen labarin da ya dace da halin da ake ciki. Tarihin marubucin ma bai taimaki hasashen ba. Imam ɗin da ya zama editan *Gaskiya Ta Fi Kwabo* a 1939 shi ne ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga, ya bayyana masa illolin yadda ake tafiyar da mulkin En'e. Ana iya tuhumar zamanin da ya haifi littafin, amma ɗora wa mamaci niyyar yaudarar al'ummarsa yana bukatar shaida, kuma ba a kawo ta ba.

5.0 Inda Hasashe Ke Cin Nasara

Kada a ɗauka muna cewa hasashen mai karatu aikin banza ne. Littattafan *Harry Potter* guda bakwai na J.K. Rowling, da suka fito daga 1997 zuwa 2007, sun ba da misali mai kyau. Bayan fitowar na shida a 2005, inda malamin nan Snape ya kashe shugaban makarantar, masu karatu suka rabu biyu. Wasu suka ce da yardar mamacin aka yi kisan, suka kafa hujja da alamomin da ke cikin littattafan da suka gabata. Littafi na bakwai ya gaskata su a 2007. Hasashensu ya ci ne saboda marubuciyar ta gina labarinta a kan ɓoye wa mai karatu sirri, ta kuma watsa alamu da gangan.

Zubin *Magana Jari Ce* daban yake. Imam ya sanar da mu sirrin tun farko, Musa kaɗai aka ɓoye wa. Daɗin littafi na ɗaya yana cikin wannan fifikon sani da muke da shi a kan tauraron: muna kallon sa yana ɗamara kowane dare, mun san abin da ke jiran sa a waje, muna fatan labarin aku ya kai asuba. Wanda ya shiga irin wannan littafi da neman sirri na biyu ya ɗauko mabuɗin wani gida ne ya zo yana gwadawa a wani.

Duk da haka, masu hasashen farko sun taɓo wani abu na gaske, ko da yake sun ba shi sunan da ba nasa ba. Aku da Waziri duk sun yi magana biyu. Waziri ya nuna wa Sarki biyayya alhali yana ƙulla masa sharri. Aku ya nuna wa Musa yarda alhali yana tsare shi. Makaminsu ɗaya ne, wato harshe. Abin da ya raba su shi ne amana: ɗaya an bar masa gari ya sayar, ɗaya an bar masa yaro ya tsare. Tambayar da littafin ya ajiye mana ita ce ko ya halatta a yaudari mutum don a cece shi, musamman a fadar da faɗin gaskiya kai tsaye ke jawo kisa. Wannan tambaya tana cikin matanin, kuma ta isa a yi mata kundi guda.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa hasashen wazirci ya manta da tushen labarin, na Turawa kuma ya ci karo da zubinsa da tarihin marubucinsa. Shawararmu ga ɗalibai ita ce su auna kowane hasashe da ma'auni uku kafin su sa shi a takarda. Shin akwai wurin da za a nuna da yatsa a cikin matanin? Shin abin da ake zargi ƙirƙirar marubucin ce, ko gado ne daga labarin da ya aro? Shin hasashen zai iya ɗaukar littafin gaba ɗaya, har da wuraren da suka saɓa masa? A majalisar hira, wanda ya fi iya baki shi ke cin muhawara, kuma babu laifi a haka. A takardar nazari kuwa, sunan marubuci da fahimtar ɗaliban da za su karanta bayanmu ne ke hannunmu, don haka wajibi ne mu bambance abin da Imam ya rubuta da abin da muka so a ce ya rubuta.