Keso: Sharhi a Kan Bayanin Barth da Bargery Game da Lambar 20,000

1.0 Gabatarwa

A wannan maƙala za mu duba yadda marubuta biyu suka bayyana keso, wato buhun tabarma mai cin wuri zambar ashirin. A da can, da shi fatake suke ƙulla babban ciniki a hanyar da ta taso daga Kano da Zariya, ta ratsa dajin Birnin Gwari, ta nufi Kwara. Ta wannan hanya Clapperton ya biyo a shekarar 1826.

2.0 Abin da Suka Rubuta

Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya bayyana yadda ake ƙirga wuri biyar-biyar, ya kuma ce wuri 2,500 su ne liyari ɗaya. Shi kuwa Bargery, a ƙamusunsa na 1934, ya kawo hauya (20) da zangu (100) da keso (20,000). Mun yaba da wannan aiki, domin tun da Turawan mulki suka hana shigo da wuri a 1904 waɗannan kalmomi suka fara ɓacewa. Amma inda muke ganin sun gaza shi ne, Barth ya fi mai da hankali ga wahalar ƙirgar, Bargery kuma ya tsaya ga ma'anar kalma. Babu wanda ya tambayi abin da ya sa wannan adadi ya dace da kasuwa.

3.0 Siffofin Lambar

Lambar 20,000 cika ce, ba mara ba. In an warware ta, biyu ce sau biyar a ninke (32), da biyar sau huɗu a ninke (625). Saboda haka lambobi 30 ne suke raba ta ba ragowa. Keso ɗaya hauya 1,000 ne, ko zangu 200, ko liyari 8 a farashin da Barth ya tarar. Rabinsa 10,000, rubu'i 5,000, humusi 4,000, sumuni 2,500, ushiri 2,000.

Malaman hisabi sun kasa lambobi gida uku: tammu, da naƙisi, da za'idi. In aka tara masu raba 20,000, ban da ita kanta, za a sami 29,203. Tun da jimlar ta zarce lambar, za'ida ce ke nan.

Sai dai tana da rauni guda: uku ba ta raba ta. Sulusinta 6,666 ne da ragowar 2, sudusinta kuwa 3,333 da ragowar 2. Wato keso ya yi wa ɗan kasuwa daidai, amma mai rabon gado sai ya yi wani lissafin.

4.0 Kammalawa

Ba muna cewa fatake sun zauna sun warware lambar kamar yadda muka yi ba ne. Nauyin da mutum zai iya ɗauka ma yana da hannu a ciki. Abin da muke cewa shi ne, ƙirgar biyar-biyar ita ta haifi adadin da biyu da biyar kaɗai suka gina shi, wannan kuwa tsari ne da marubutan ba su lura da shi ba. Muna ba da shawara malaman lissafi su riƙa kafa misali da keso, domin yaro ya gane cewa rarraba lambobi ba baƙon abu ba ne a ƙasarsa.