Taswirar UNESCO da abin da ba ta gani a Hawandawaki

A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta fitar da bugu na uku na littafin taswirar harsunan da ke fuskantar ɓacewa, wanda Christopher Moseley ya jagoranci tsara shi. Ya ƙunshi harsuna kusan 2,500, kuma babban ma'auninsa mai kyau ne: shin iyaye suna miƙa harshen ga ƴaƴansu?

Shafukan Turai sun cancanci nazarin malamai. A cikinsu akwai Bretanci na yammacin Faransa, wanda makaranta ta taimaka wajen durƙusar da shi ta hanyar “sambol”, wato abin da ake rataya wa yaron da ya yi harshen gida. Tsofaffin ɗaliban Tasawa da Mayahi sun san wannan horo, domin an yi musu shi saboda Hausa. Tun 1977 makarantun Diwan ke ƙoƙarin ɗinke ɓarakar.

Sai dai taswirar ba ta rasa tuntuɓe ba. A 2009 ta sanya Manksanci, harshen tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ailan, cikin matattu, ganin cewa Ned Maddrell, na ƙarshen waɗanda suka sha shi a nono, ya rasu a 1974. Yaran wata makarantar firamare da ake koyarwa da harshen suka rubuta wasiƙun ƙorafi, aka gyara hukuncin.

Babban rauninta kuwa shi ne, tana auna harshe ne dunƙule. Fulfulde na da miliyoyin masu magana, don haka ba ya kama da mai neman agaji. Amma a yankin Hawandawaki da kewaye, ana samun gidajen Fulani da kaka ke magana da Fulfulde, jika yana amsawa da Hausa. A nan ba Faransanci ne ke haɗiye harshen ba, Hausa ce. Haka ta yi wa Ajawanci a ƙasar Bauci, wanda ya ɓace a ƙarni na 20.

Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma a Nijar, sannan a 2025 aka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa. Wannan girma nauyi ne. Malamin da ya taɓa ɗaukar “sambol” bai kamata ya bari a yi wa ɗan Fulani dariya a ajinsa ba. Ƙungiyoyin al'adu kuma su naɗi tatsuniyoyi da kirarin shanu daga bakin tsofaffi tun suna raye, su buɗe fagen da yara za su faɗe su da harshen kakanninsu.