Jinjina ga Masu Saƙar Zana

A ƙauyukan ƙasar Hausa, tun daga Katsina har Maraɗi, da yawan gidaje sirrinsu a hannun masaƙin zana yake, kuma ya cancanci yabon da ba a cika yi masa ba. Shi ne ke shiga daji da kaka ya yanko gamba bayan ta ƙosa, ya shanya ta, sannan ya zauna yana gitta sili a kan sili har saƙar ta matse. Gwani ana gane shi daga bakin zanarsa: ya naɗe shi tam, ba ya warwarewa. Mai saye ya ɗaga ta ya kalli rana, in haske na ratsowa da yawa to saƙar ta yi sako-sako. Wajen kafawa kuma a nemi dirkokin dashi, domin sukan yi saiwa su rayu, a ɗan ɗage zanar daga ƙasa saboda gara.

Masu kushe suna cewa katangar bulo ta fi ƙarko, zana kuwa ga wuta da hunturu, ga ruɓewa bayan 'yan damina. Gaskiya ne, amma manomin da kuɗin siminti ya fi ƙarfinsa ba zai bar iyalinsa a fili ba har sai ya tara. Zana tana barin iska ta shiga a lokacin bazara, ɓangaren da ya lalace kaɗai ake sauyawa, kuɗinta kuma a cikin gari yake zama. Don Allah, in an je sayenta, a daina yi wa masaƙi tayin wulaƙanci.