Gurbin Ɗaukar Sauti da Hoto a Makarantun Sakandaren Kumbotso

Sana'ar ɗaukar sauti da hoto mai motsi ta daɗe tana ciyar da gidaje a Kano, amma makarantar sakandare ba ta taɓa ɗaukar ta da muhimmancin da ya dace da ita ba. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya, har zuwa 1999 da mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar fina-finan Hausa suna Kannywood, da kuma shekarun da suka biyo baya, akasarin masu riƙe kyamara da masu haɗa sauti sun koyi aikin ne ta hanyar bin maigida, suna ɗaukar jaka da naɗe waya a situdiyoyin titin gidan Zoo har idonsu ya buɗe. Abin da ya sauya yanzu shi ne wayar hannu ta shiga tsakanin yaro da maigida. Fina-finai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So sun mayar da YouTube kasuwa, kuma ɗalibin da bai gama sakandare ba yana iya ɗaukar bidiyo, ya tace shi da CapCut, ya watsa wa duniya kafin a kira sallar isha'i. Yaran suna koyo, ko an so ko an ƙi. Abin da ya rage a tantance shi ne a hannun wa za su koya.

Manhajar ƙasa ta taɓa buɗe ƙofa. A 2011 aka shigar da darussan sana'a guda 34 cikin manhajar babbar sakandare, ciki har da ɗaukar hoto da aikin gyaran rediyo da talabijin, hukumar WAEC kuma ta fara jarrabawa a kansu a 2014. Sai dai makarantu da dama, saboda rashin kayan aiki da malamai, sun karkata ga darussan da allo da alli suke wadatarwa, kuma da aka sake fasalin manhajar a 2025 aka rage darussan sana'ar zuwa shida, ɗaukar hoto bai tsira ba.

Ƙaramar hukumar Kumbotso tana da hujja ta musamman a wannan batu. Unguwanni irin su Panshekara da Na'ibawa da Chiranchi sun cika da iyalan da aikin kamfani ya tara, domin rukunin masana'antu na Challawa yana cikinta, na Sharada yana maƙwabtaka da ita, na Bompai kuma yana ɗaya ɓangaren gari. Masaƙu da majemu da yawa sun rufe ko sun rage ma'aikata sakamakon matsalar wutar lantarki da kwararowar kayan waje masu araha, don haka ɗan lebura ba zai iya dogaro da cewa ƙofar da ta karɓi mahaifinsa za ta karɓe shi ba. Amma a cikin Sharada ɗin ne gidan rediyon Freedom ya fara watsa shirye-shirye a 2003, kamfanonin roba da na abin sha da suka rage suna buƙatar talla, ga tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, ga masu tafsirin azumi da musabaƙar Alƙur'ani da bukukuwan aure, dukkansu suna neman wanda zai naɗi murya ta fita tas.

Idan za a koyar, da sauti ya kamata a fara, kuma a daɗe a kansa kafin a miƙa wa ɗalibi kyamara. Mai kallo yakan haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar maganar ɗan wasa ta nutse cikin ƙarar janareta, ko kiɗan da aka sa a ƙasa ya danne ta, sai ya wuce. Wannan kuwa rauni ne da ya daɗe yana bin fina-finan Hausa, kuma tushensa shi ne maigidan da bai koya ba ba shi da abin da zai koyar. Darussan farko ba su da wahala: tazarar da ta dace tsakanin makirufo da bakin mai magana, auna ƙarfin sauti don kada ya fashe, rage amsa-kuwwa, wato dawowar murya daga bangon siminti, ta hanyar rataya barguna da labule, da ɗaukar shirun ɗaki na ɗan lokaci domin cike giɓi a wajen tacewa. Daga nan sai haɗa sauti, wato daidaita murya da kiɗa da ƙarar muhalli ta yadda kowanne zai tsaya a matsayinsa. Kuɗin wannan bai kai na ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ba, domin ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, da abin saurare na kunne, da kwamfuta ɗaya mai manhajar Audacity, wadda kyauta ce, sun isa a soma. Aikin gwaji kuma yana bakin ƙofa: ɗalibi ya zauna da tsohon ma'aikacin masaƙa ko majemi, ya naɗi bayanin yadda aikin yake a zamaninsa, ya tace shi zuwa shirin minti biyar. A nan zai koyi tsara tambaya da haƙurin saurare, garin kuma ya samu tarihin da masu shi suke ƙarewa. Tace hoto, wato yanka abin da aka ɗauka da jera shi har ya zama labari, sai ya zo daga baya.

Tsoron iyaye da malaman addini ba abin rainawa ba ne. Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, a 2016 kuma gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan malamai sun nuna adawa, sannan kotuna sun sha hukunta matasa a kan abin da suka ɗora a TikTok. Amma uban da ya ƙi 'yarsa ta yi rawa a gaban kyamara ba lallai ne ya ƙi ta iya sarrafa kyamarar ba, musamman da yake walimar mata da makarantun Islamiyya na matan aure suna buƙatar mace mai ɗauka, kuma irin waɗannan mata kaɗan ne. A aji ne za a koya wa yaro cewa ba a ɗaukar mutum sai da izininsa, ba a yanka magana a sauya mata ma'ana, ba a watsa abin da ba a tabbatar ba. Waya ba ta koyar da ko ɗaya daga cikinsu.

Kano ta taɓa yin irin wannan yunƙuri ta ci riba. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa domin jihar tana ƙarancin likitoci da injiniyoyi, kuma abin lura ne cewa Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya yi fice a nazarin fina-finan Hausa, a kan waɗannan makarantu ya yi digirinsa na uku. Ba a buƙatar sabon gini a wannan karon. Abin da ake buƙata shi ne ma'aikatar ilimi ta jiha ta ware ɗaki ɗaya a makarantar maza ɗaya da ta mata ɗaya a Kumbotso, ta sa musu sola, ta nemi ƙwararru daga ARTV da Rediyon Kano da Jami'ar Bayero su horar da malamai, sannan ta roƙi gidajen rediyo da kamfanonin Sharada da Challawa su karɓi ɗaliban a lokacin dogon hutu, su ba su aiki na gaske su yi.